H'Ruai Mai Giyar Kwali

A ƙauyenmu idan ka ce "mai giyar kwali" ba wanda zai tambaye ka wa kake nufi. H'Ruai ce, ƙanwar H'Blen ta dogon gida, babban gidan danginsu da ke kan dirkoki. Da ba'a aka laƙaba mata sunan, ita kuwa ta ɗauke shi ta rataya a wuya, har takan gyara wa baƙon da ya kira ta da sunan 'yarta. "Uwar Lim ta yi ritaya," in ji ta. "Mai giyar kwali ce ke nan." Gajeruwa ce, hannayenta duk tabon wuƙar tatsar roba, kuma tun tana yarinya ban san abin da ya taɓa sa ta sunkuyar da kai ba in ban da ƙofar ɗaki.

Su uku innarsu ta haifa: H'Blen, sai ita, sai autansu namiji, Y-Dhuan. Innar ita ce mai giyar shinkafar da duk ƙauyukan bakin rafin nan suka sani. Yis ɗinta, wato abin da ke sa shinkafa ta tashi ta zama giya, da kanta take yi, curi-curi kamar ƙwan agwagwa, daga garin shinkafa da citta da barkono da sassaƙen daji. Kowane sabon curi sai an barbaɗa masa garin tsoho, wanda shi ma an barbaɗa masa na kakarsu, don haka yis ɗin gidan ba wanda ya san farkonsa. Aikin sai ta raba wa 'ya'yanta mata biyu. H'Blen mai natsuwa ce, aka zaunar da ita gaban turmi da faifai. H'Ruai ba ta iya zama wuri ɗaya ba, sai innar ta riƙa jan ta daji da kwando a baya. Can ta nuna mata ganyen da ake tsinka da wanda ake tsallakewa, da wani itace da take kira mai ɗacin gaba, domin in ka tauna ɓawonsa sai ya fara ɗaure maka baki, can kuma zaƙi ya taso daga maƙogwaro. Tsawon ɗan yatsa na ɓawon ya ishi tulu guda.

Laifin H'Ruai ɗaya ne, amma babba ne a wurinmu. Mace ce ke auro miji ta kawo shi gidan uwarta. Ita kuwa da ta auri Y-Sok, ya samu aikin tatsar roba a wani gandu mai nisan yini guda, sai ta ɗaure kayanta ta bi shi. An yi mata magana, an yi kuka, an tara dangi, ta ce ta ji, washegari ta hau mota. Shekara ashirin da shida ta yi can.

Ta dawo bayan Y-Sok ya rasu, da tukunya biyu da tulu ɗaya na gidansu mijin. Dajin da ta sani duk ya zama gonakin kofi. Innar ta tsufa har ba ta rarrabe fuskar 'ya'yanta, dogon gida ya koma hannun H'Blen. H'Ruai ta kafa ɗan gidanta a ƙarshen ƙauye, sannan ta hau tsanin gidan da aka haife ta don roƙon abu guda.

"Yaya, curi ɗaya nake so. Rabi ma ya isa."

H'Blen na tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. "Na wa?"

"Na Inna mana."

"Yis ɗin gidan nan bai taɓa bin namiji ba. Ke da kika bi, ki koma gandun roba su ba ki nasu."

"Na dawo ai."

"Kin dawo da ba sauran wanda za ki bi."

H'Ruai ta tsaya har ta tabbata ba wata magana, ta shiga ta gaida innar da ta kira ta da sunan wata mamaciya, ta sauko. Sau biyu ta sake hawa tsanin nan da wannan roƙo a cikin shekara biyu. Ba ta hau na huɗu ba.

A kasuwar Buon Ma Thuot, kusa da masu sayar wa 'yan yawon buɗe ido tsaraba, ta ga kwalayen. Kowanne da ɗan tulu mai ƙyalli, da ƙunshin yis na masana'anta, da ledar ƙaiƙayi, da bututun roba guda biyu, da takarda mai cewa ka dafa shinkafa, ka gauraya, ka rufe, kwana goma ka sha. Sun fi kazar miya araha. Mu da muka san giya ko kallonsu ba ma yi, don abin da ke fitowa ruwan zaƙi ne salam, ga ciwon kai washegari kamar an buga maka taɓarya. H'Ruai ta ɗauki biyu ta ɗaura a bayan babur ɗin haya, kuma maimakon ta bi ta bayan gonaki sai ta ce wa mai babur ya ratsa tsakiyar ƙauye, ta gaban dogon gida, a hankali. Kafin ta sauka sunan ya riga ya fito.

Na farko ta bi takarda, ya fito yadda takarda ta so. Ta zubar. Ta jefar da takardar da bututun, ɗan tulun kuma ta shuka barkono a ciki. Daga nan ta shiga ƙare-ƙare. Ta rage yis ɗin zuwa rabi, ta dake shi da citta da barkono, ta bar farar shinkafa ta koma jar shinkafar tudu, ta wanke ƙaiƙayin ta turara shi. Wani karon ta sa ɓawon abarba, ya yi tsamin da ya kusa zubar mata da haƙora. Wani karon ta sa zuma da yawa, tulun ya tunkuɗe murfinsa ya cika ɗaki da kumfa, ta ba aladenta dusar, ya sha ya kwanta yini biyu yana minshari, har maƙwabta suka zo yi mata jaje. Matan rafi suka samu abin hira na wata guda.

"Mai giyar kwali, ya jikin mai gidan?"

"Ya farka. Ya ce in gaya miki ya fi mijinki riƙe giya."

A hankali dai abin ya fara kama hanya. Ta gano soyayyar shinkafa kaɗan tana kashe warin masana'anta, ganyen rake yana kawo ƙamshi, kwana goma kuma ƙarya ne, sai arba'in, da murfin ganyen ayaba da toka da laka. Ta kuma riƙe ƙa'idar innarta: daga ranar da ta dafa shinkafa har ta rufe tulu ba ta taɓa abu mai tsami, ita da take iya cin ɗanyen mangwaro biyar da gishiri a zama ɗaya. Samari suka fara zuwa ƙarshen ƙauye a sace, su sha su yaba, su koma su yi ta zagin giyar kwali a gaban iyayensu. Ta san suna yi, ko a jikinta. Abin da ke cin ta daban ne. Giyar ta yi daɗi, amma ba ta Inna ba ce, kuma ta san abin da babu.

Shekara tara tana neman itacen nan mai ɗacin gaba. Ta bi gefen kowace gona, ta sha kora daga masu gadin kofi, ta faɗa rami har sau biyu. Innar ta rasu a cikin damina, aka binne ta, H'Ruai ba ta taɓa miƙa mata ko kurɓi ɗaya daga hannunta ba. Wata huɗu bayan haka, a wani kwazazzabo da motar ture itatuwa ta kasa sauka, ta ga kututture ya yi toho uku. Ta ɓantari ɓawon ta tauna. Bakinta ya ɗaure, ta jira, zaƙin ya taso. A nan ta zauna ta yi kukan da ba ta yi a gaban mutane ba ranar jana'iza. Har yau ba ta faɗa wa kowa inda kwazazzabon yake ba.

Shekara uku ana kai wa kabarin shinkafa da ruwa kullum, ana zubawa ta gorar da aka kafa a wajen kai. Giya kuwa sau ɗaya ake zubawa, ranar sallamar kabari, daga tulun da aka buɗe a gaban dangi, uwar gida ta ɗanɗana. Bayan wannan rana an rabu ke nan, ba mai sake taka wurin, daji ya karɓi abinsa. Da H'Blen ta sa ranar, bayan girbin kofi, H'Ruai ta sayo kwali, ta rufe tulun Y-Sok, ta haƙa rami a ƙarƙashin gidanta ta binne shi wata uku. In innar ba ta sha giyarta a wannan ranar ba, ba za ta taɓa sha ba.

Saura kwana biyu Y-Dhuan ya zo. Shi ne kawun gidan, shi ke tsara biki, kuma mutum ne da duk rayuwarsa a tsakanin yayyensa biyu ta ƙare, yana share gumi.

"Yaya Ruai, an ce kin binne tulu."

"An ce daidai."

"Yaya Babba ta ce ki kawo kaji, ki kawo shinkafa, ki zauna kusa da ita a tabarmar gaba. Tabarmar gaba fa. Amma tulu goma sha ɗaya aka kafa wa turke, duk na gida."

"To ni ta ina ce?"

"Ba ke ake nufi ba, yis ɗin. Abin masana'anta a zuba wa Inna? Mutanen ƙauye biyar za su zo. Kina so a tafi da mu a baki?"

"Dhuan, wa ya goye ka lokacin da Inna ke daji?"

"Ke ce."

"To sha ruwa ka tafi. Ka ce mata kajin suna zuwa."

Ranar biki tun da hantsi makaɗa suka fara buga farantan tagulla. An yanka ɓauna, hayaƙi ya tashi, tuluna goma sha ɗaya suna jere kowanne ɗaure da turkensa, na kan gaba shi ne tsohon tulun kakarsu, daga shi za a ɗebi rabon mamaciya. H'Blen na zaune a gabansa da baƙin zane mai jan baki, ƙafafunta a miƙe saboda ciwon gwiwa. Sai ga H'Ruai ta ɓullo da tulu a kwandon baya, laka ba ta gama bushewa a jikinsa ba, turke a hannu ɗaya, guduma a ɗaya. Ta wuce layin gaba ɗaya tana gaida mutane da sunansu, ta je can ƙarshe inda aka jingine babura, ta kafa turkenta. Ƙarar gudumar ta shiga cikin kiɗan har wani makaɗi ya rikice.

Ba wanda ya hana ta. Kowa ya ɗauka za ta zauna can ita kaɗai ta sha kunyarta. Ta ɗaure tulun, ta fasa lakar, ta cusa ganye, ta cika shi da ruwan rafi, ta jira ya jiƙa. Ta soka doguwar gorar zuƙa ta Y-Sok, wadda ta yi baƙi don tsufa. Mai tulu ke fara sha, don haka ta sha ƙaho guda, wato ta yi ta zuƙa har ruwan ƙaho ɗaya da ake tsiyayawa a bakin tulu ya ƙare, tana zuba wa kanta ruwan da hannun hagu tunda ba wanda ya zo zuba mata. Sannan ta miƙe, ta lanƙwaso gorar da hannun dama ta nufi kan layi da ita.

"Yaya H'Blen. Ga gora."

Ba ta ɗaga murya sosai ba, amma kiɗan ya tsaya. Duk wanda ke wurin ya gane abin da ta yi. Gorar da aka miƙa ba a sakin ta sai hannu ya karɓa, in ta faɗi an zagi wanda ake bikin dominsa. Ba kuma mai karɓa kafin uwar gida. Tsohon da ke yi wa mamata magana ya riga ya buɗe baki zai fara, sai ya rufe, don ba a fara sallama da gora a rataye.

H'Blen ta juya ta ci gaba da magana da matar da ke kusa da ita, kamar ba da ita ake ba.

Rana ta hau. Ba inuwa a wajen baburan. H'Ruai tana da shekara sittin da uku, hannun da ya yi shekaru yana riƙe wuƙa ya fara gajiya, ta tallafe gwiwar hannun da ɗaya hannun. Naman ɓauna ya fara ƙonewa saboda masu gashi sun juyo suna kallo. Y-Dhuan ya taho da sauri yana miƙo hannu.

"Kawo in sha, a wuce wurin."

"Yaushe ka zama mace, har ka zama uwar gida?"

"Yaya, za ki faɗi."

"In na faɗi gorar ta faɗi. Je ka gaya mata, uwarta ce kamar yadda take uwata."

Ya koma ya durƙusa wajen H'Blen, aka ga bakinsa na motsi, aka ga ta kawar da kai. Can dai ta ce, yadda kowa zai ji, "To a kwanto tulun a kawo nan, in taɓa, mu huta."

"An riga an ɗaure shi, Yaya," in ji H'Ruai. "Ke kika koya mini ba a kwance tulu sai ya salance. Nan kuka bar mini, nan yake."

Ni da nake wurin na ji tausayin H'Blen a lokacin, ba zan ɓoye ba. Mace ce da ta riƙe gida shekara arba'in, ta yi jinyar uwa ita kaɗai, ta wanke ta, ta ba ta abinci a baki, ƙanwarta na can tana tatsar roba. Ta dafa kafaɗar Y-Dhuan ta miƙe. Ta wuce tulu goma sha ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, tana jan ƙafa, mutanen ƙauye biyar na kallo. Da ta iso ba ta dubi ƙanwarta ba. Ta sa hannu ta karɓi gorar, sai a lokacin hannun H'Ruai ya sauka.

H'Ruai ta cika ƙahon da ruwa ta fara tsiyayawa a bakin tulu. H'Blen ta yi niyyar jiƙa leɓe kawai. Ta zuƙa kaɗan, ta yamutsa fuska, ta juyo wajen mutane.

"Ɗaci ne ma," ta ce. "Abin da kuka tsayar da..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta tsaya da baki a buɗe, ta haɗiyi yawu. Sai ta mayar da gorar bakinta. Ƙahon ya ƙare, rabonta ya cika, ba ta miƙa wa kowa ba. H'Ruai ta sake cikawa ba tare da an ce mata ba. Shi ma ya ƙare.

"Ina kika samo shi?" H'Blen ta tambaya ƙasa-ƙasa.

"A cikin kwali."

"Ruai."

"Kin riƙe naki, na riƙe nawa."

H'Blen ta dubi layin tulunanta. "Tun da aka share dajin ba abin da ban gwada ba," ta ce. "Ban taɓa ganin itacen a tsaye ba, ɓawonsa kawai nake gani a turmi. Shekarun Inna na ƙarshe in na kai mata giyata sai ta kurɓa ta ce ta ƙoshi. Ba ta gane ni ba, amma ta gane wannan."

H'Ruai ta ajiye ƙahon a gindin tulun.

H'Blen ta miƙa wa matar da ke bin ta gorar, ta ce wa Y-Dhuan ya kawo ƙwaryar Inna. Ya dubi tulun kakarsu can kan layi, ya dubi wannan da ke kusa da tayar babur, ya je ya kawo. Aka zuƙo giyar ta cika ƙwarya, ja-ja kamar ruwan shayi. Makaɗa suka koma kiɗa, tsohon ya fara kiran sunan mamaciya, aka nufi kabari. Su biyun suna gaba, H'Blen ta jingina da kafaɗar ƙanwarta saboda gwiwa.

"Gobe ki hau ki karɓi curi," ta ce a hanya.

"Na gode, Yaya. Ina da kwali biyu a ɗaki."

"Taurin kanki zai kashe ki."

"Bai kashe Inna ba."

A bakin kabari uwar gida ce ke zubawa. H'Blen ta gwada durƙusawa, gwiwar ta ƙi, ta sake gwadawa, ta ƙi. Y-Dhuan ya matso zai riƙe ta, ta ture hannunsa, ta miƙa wa H'Ruai ƙwaryar ba tare da ta dube ta ba. Ko gwiwar ce ko ba ita ba ce, ban tambaya ba.

H'Ruai ta durƙusa, ta share ƙasar da ke bakin gorar kabarin da gefen zanenta, ta kai bakinta kusa kamar mai yi wa kurma magana.

"Inna, ni ce Ruai, wadda ta tafi. Yis ɗin na kasuwa ne, ba zan yi miki ƙarya ba. Sauran duk abin da kika nuna mini ne."

Ta karkata ƙwaryar a hankali don kada ko ɗigo ya zuba a waje. Da ta kai rabi sai ta dakata, ta ba ɗacin lokaci ya wuce, sannan ta zuba sauran.